Ernst Chladni: Lauyan da ya ajiye shari'a ya nuna wa duniya siffar sauti a kan faranti

Duk wanda ya taɓa ajiye wayarsa a kan tebur aka kira shi alhali ya sa ta a girgiza, ya san yadda katako ke ɗaukar ɗan motsin nan ya mayar da shi ƙara da za a iya ji daga wani ɗakin. Wannan ɗabi'a ta katako da gilashi da ƙarfe ce injiniyoyi suke amfani da ita a yau wajen ƙera wata 'yar na'ura mai jijjiga, wadda ake kira eksaita. Ana manna ta a jikin allo, ko ƙofa, ko silin, ko gilashin taga, sai abin da aka manna ta a jikinsa ya koma lasifika.

A shekarar 2017 kamfanin Sony ya fitar da talabijin da sautinta ke fitowa daga jikin gilashin da ake kallo. A 2019 kamfanonin LG da Huawei suka fitar da wayoyin da babu ramin sifika na kunne a samansu, domin fuskar wayar ce ke girgiza ta isar da muryar mai kira.

Mutumin da ya fara bin diddigin yadda shimfiɗaɗɗen abu ke girgiza ya rasu kusan shekara 200 da suka wuce, tun kafin a san lasifika. Sunansa Ernst Chladni, ana furta shi Kiladni. Bajamushe ne da masana ke yi wa laƙabi da uban kimiyyar sauti, amma har ya koma ga Mahaliccinsa babu jami'ar da ta ba shi kujerar farfesa ko albashi na dindindin.

Ɗa ɗaya tilo a gidan malamai

An haifi Ernst Florens Friedrich Chladni ranar 30 ga Nuwamba, 1756 a Wittenberg, garin da ya yi suna saboda Martin Luther, a yankin Saksoni na wancan zamani, cikin ƙasar Jamus ta yau. Asalin danginsa daga garin Kremnica ne, wanda yanzu ke ƙasar Slovakia. Rikicin addini ne ya raba kakan mahaifinsa da garin a 1673.

Gidansu gidan ilimi ne. Kakansa farfesan ilimin addinin Kirista ne a Jami'ar Wittenberg, mahaifinsa Ernst Martin Chladni kuma farfesan shari'a ne a wannan jami'a, har ya taɓa shugabantar ta. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙaramin yaro.

Da yake shi kaɗai ne ɗa, mahaifin ya tsare shi matuƙa. Ba a cika barinsa ya fita wasa da sa'o'insa ba, yawancin lokacinsa a ɗaki yake da littattafai. Can ya shaƙu da taswirori da labaran matafiya, har ya riƙa burin zama matuƙin jirgin ruwa, ko ɗan kasuwa, ko likita. Mahaifinsa kuwa ya riga ya yanke cewa lauya zai zama.

Yana da kimanin shekara 14 aka kai shi makarantar kwana ta Grimma, wadda ita ma ta yi suna wajen tsanani. Kiɗa, wanda daga baya ya zama hanyar cin abincinsa, bai samu damar fara koyonsa sosai ba sai da ya kai shekara 19. Ya bi umarnin mahaifinsa ya karanta shari'a a Wittenberg da Leipzig, ya samu digirin digirgir a 1782.

A wannan shekarar mahaifinsa ya rasu, bai kuma bar wata dukiya ta a zo a gani ba. Ga matashi mai shekara 25 da takardar lauya a hannu, hanya mai sauƙi ita ce ya shiga aikin da ya karanta ya samu rufin asiri. Chladni ya ajiye shari'a ya koma kimiyya, ya fara ba da darussa a jami'ar garinsu da fatan wata rana za a ba shi kujera. Ba a ba shi ba.

Yashi a kan faranti

A wancan zamani manyan masana lissafi irin su Leonhard Euler da Daniel Bernoulli sun riga sun yi bayanin yadda tsirkiya ke girgiza idan an kaɗa ta. Abin da ya rage a duhu shi ne shimfiɗaɗɗen abu mai tsawo da faɗi, kamar farantin ƙarfe ko fallen gilashi. Chladni ya lura cewa idan ya riƙe fallen gilashi a wurare daban-daban ya ƙwanƙwasa, amon da ke fita yakan canza. Babu littafin da ya ba shi gamsasshen dalili.

Dabara ta zo masa daga aikin wani masani na Jami'ar Göttingen, Georg Christoph Lichtenberg, wanda ya barbaɗa gari a kan abin da tartsatsin lantarki ya ratsa, garin ya fito da hanyoyin da lantarkin ya bi. Chladni ya yi tunanin gwada irin wannan da sauti.

Ya samu farantin tagulla ya ɗaure shi ta tsakiya, ya barbaɗa rairayi a kai, sannan ya ɗauki ɗan bakan da ake goga wa gogen Turawa ya goga a bakin farantin. Da farantin ya fara amo, sai yashin ya shiga tsalle, cikin ƙiftawar ido ya jeru ya fitar da zane mai kama da tauraro.

Dalilin ba mai wuyar fahimta ba ne. Farantin da ke amo ba gaba ɗayansa ke motsi tare ba. Yayin da wani sashe ya lanƙwaso sama, na kusa da shi yana lanƙwasawa ƙasa, kuma tsakanin sassan biyu akwai layin da ba ya motsi ko kaɗan. Yashi yana gudu daga inda ake cilla shi, ya taru a kan layukan da suke tsaye cik. Idan aka sauya wurin goga bakan, ko aka danne wani gefen farantin da yatsa, amo ya canza, zanen ma ya canza. Duk lokacin da amon ya ƙara siranta, layukan sukan ƙara yawa, zanen ya ƙara sarƙewa.

Baturen Ingila Robert Hooke ya taɓa ganin irin wannan a 1680 da garin fulawa a kan gilashi, amma bai zurfafa ba. Chladni ne ya zauna shekara da shekaru yana gwada faranti mai da'ira, mai kusurwa huɗu da sauran siffofi, yana zana abin da ya gani, yana rubuta amon da ya haifar da kowane zane. A 1787 ya wallafa littafinsa na farko a Leipzig, ɗauke da zane sama da 150. Har yau da sunansa ake kiran waɗannan zane-zane.

Masani a kan keken doki

Littafin ya jawo masa suna a tsakanin masana, amma suna ba ya cika tumbi. Da ya ga babu albashi, sai ya yanke shawarar ƙera kayan kiɗa na kansa, ya riƙa yawo da su gari-gari yana nunawa ana biyansa.

A 1790 ya kammala na farko, wanda ya sa wa suna Euphon. Sirara-siraran sandunan gilashi ne a jere, mai kiɗa ya jiƙa yatsunsa ya riƙa shafa su, su kuma su isar da girgizar ga wasu sandunan ƙarfe da ke ɓoye a cikin akwati. Wajen shekarar 1800 ya ƙera na biyu, Clavicylinder, mai madannai irin na fiyano, wanda ake juya wani gangan gilashi a cikinsa da ƙafa.

Da waɗannan kaya da farantansa da yashinsa ya shafe sama da shekara 30 a kan hanya, cikin keken doki. Ya zaga biranen Jamus, ya je Denmark, Rasha, Ostiriya, Holan, Faransa, Suwizalan da Italiya. A kowane gari sai ya nemi zaure, ya yi kiɗa, ya yi lacca, ya barbaɗa yashi jama'a su ga sauti da idonsu. A 1803 ya haɗu da shahararren marubucin Jamus Goethe a Weimar.

Da yake abincinsa ya dogara ga waɗannan kayan kiɗa, ya daɗe yana ɓoye yadda cikinsu yake, don kada wasu su kwaikwaya su raba shi da kasuwa. Sai a 1821, da girma ya kama shi, ya wallafa cikakken bayanin yadda ake ƙera su.

Yawon bai hana shi bincike ba. Ya auna saurin tafiyar sauti a cikin ƙarafa da katako ta hanyar shafa dogayen sanduna yana sauraron amonsu, ya nuna cewa sauti a cikin baƙin ƙarfe ya ninka saurinsa a iska fiye da sau goma. Ya kuma cika bututun kiɗa da nau'o'in iskar gas daban-daban ya kwatanta saurin sauti a cikin kowace. A 1802 ya tattara iliminsa a babban littafinsa, Die Akustik, wanda ya tsayar da nazarin sauti a matsayin fanni mai zaman kansa.

Shari'ar duwatsun da ke faɗowa daga sama

Abin da ya fi jefa mutuncinsa cikin haɗari bai shafi sauti ba. A ƙarshen ƙarni na 18 yawancin masanan Turai suna ɗaukar labarin faɗowar dutse daga sama a matsayin camfin ƙauyawa. Wasu na cewa aman wutar dutse ne ke cillo su, wasu na cewa tsawa ce ta faɗa kan dutsen da dama yana ƙasa. Lokacin da duwatsu suka zubo a Barbotan da ke Faransa a 1790, magajin garin da shaidu kusan 300 sun tabbatar da abin a rubuce, amma aka samu masanin da ya fito a mujalla ya yi musu ba'a.

A 1793 Chladni ya tattauna da Lichtenberg kan dunƙulen wutar da akan gani yana keta sararin samaniya. Daga nan ya shiga ɗakin karatu na Göttingen ya yi kimanin mako uku yana tono tsofaffin rahotanni. A nan karatun da mahaifinsa ya tilasta masa ya yi rana. Ya bi bayanan kamar yadda lauya ke bin shaidu: wane ne ya gani, ina yake tsaye, yana da wata riba idan ya yi ƙarya? Ya tarar mutanen da ba su san juna ba, a ƙasashe da ƙarnuka daban-daban, suna ba da labari iri ɗaya: wuta a sama, ƙara kamar ta igwa, sannan dutse mai baƙin ɓawo a ƙasa.

A 1794 ya wallafa ɗan littafi a kan wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin kusan kilo 700 da aka tsinta a Saiberiya, wanda masani Peter Simon Pallas ya bayyana. Ya ce wannan ƙarfe da ire-irensa daga wajen duniya suka zo, kuma su ne dunƙulen wutar da ake gani, domin tsayin da suke fitowa da gudun da suke yi sun fi ƙarfin abin da ya taso daga ƙasa.

An yi masa dariya. Ga mutumin da ke cin abinci da amincewar masu zuwa laccarsa, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Bai janye ba.

Ba a daɗe ba hujjoji suka fara zuwa da kansu. A watan Yunin 1794 duwatsu suka zubo kusa da Siena a Italiya. A Disambar 1795 dutse mai kimanin kilo 25 ya faɗo a wata gona a Yorkshire ta Ingila a gaban ma'aikata. A 1802 masanin sinadarai Edward Howard ya nuna cewa irin waɗannan duwatsu, duk da nisan wuraren da aka tsince su, suna ɗauke da ƙarfen nikel kuma sun yi kama da juna. Sai ranar 26 ga Afrilu, 1803 duwatsu kusan 3,000 suka zubo a garin L'Aigle na Faransa. Aka tura matashin masani Jean-Baptiste Biot ya bincika, rahotonsa ya rufe bakin masu musu.

Ilimin da Chladni ya assasa ya taɓo ƙasar Hausa. Ranar 3 ga Oktoba, 1962 dutse mai kimanin kilo 18 ya faɗo a wata gona kusa da Zagami a lardin Katsina, kuma bincike ya tabbatar daga baya cewa ɓallen duniyar Mars ne.

A fadar Napoleon

A 1808 Chladni ya isa Paris ya nuna aikinsa ga masanan Faransa. A watan Fabrairun 1809 aka shigar da shi gaban Napoleon, wanda shi ma ya yi karatun lissafi lokacin da yake hafsan sojan igwa. Abin ya burge sarkin, ya ba da umarni a ba Chladni faranka 6,000 domin ya mayar da babban littafinsa zuwa Faransanci. Littafin ya fito a wannan shekarar.

Akwai abin da Chladni bai iya yi ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ga zanen, ya tsara su, ya gano wasu ƙa'idoji tsakanin yawan layuka da amo, amma bai da lissafin da zai bayyana dalilin fitowarsu. Saboda haka Cibiyar Kimiyya ta Paris ta sa gasa, da lambar zinare mai darajar faranka 3,000 ga wanda ya warware matsalar.

Manyan masana suka ja da baya saboda wahalar aikin. Wadda ta tsaya ita ce Sophie Germain, macen da ta koya wa kanta lissafi a gida saboda ba a ɗaukar mata a manyan makarantu, har ta taɓa yin rubutu da sunan namiji domin a saurare ta. A 1811 ita kaɗai ta shiga gasar, ba ta ci ba. Ta sake a 1813, aka yaba mata kawai. A karo na uku, a Janairun 1816, ta karɓi kyautar, ta zama mace ta farko da cibiyar ta ba irin wannan lambar. Ko a lokacin da sauran gyara a lissafin, sai a 1850 Gustav Kirchhoff ya daidaita shi.

Ɗaki ɗaya a Kemberg

Yaƙin Napoleon ɗin da ya karrama shi ne ya raba shi da garinsu. A 1813 aka yi wa Wittenberg ƙawanya, aka yi mata ruwan wuta, gidan da yake zaune ya ƙone. Ya koma wani ƙaramin gari da ke kusa, Kemberg, inda ɗaki ɗaya ya zama masa wurin kwana, wurin aiki da wurin karɓar baƙi. Bai taɓa yin aure ba.

Daga can ya ci gaba da fita yawon lacca. A 1819 ya wallafa babban littafi kan duwatsun sama a Vienna. A 1825 'yan'uwan nan biyu, Ernst Heinrich Weber da Wilhelm Weber, waɗanda suka san shi tun suna yara a Wittenberg, suka sadaukar masa da littafinsu kan igiyoyin motsi.

Ajali ya riske shi a kan hanya, kamar yadda ya rayu. Ya rasu ranar 3 ga Afrilu, 1827 a Breslau, wato Wrocław ta ƙasar Poland a yau, inda ya je ba da lacca. Yana da shekara 70. Tarin duwatsun sama da ya tara ya bar wa Jami'ar Berlin. Akwai wani rami a duniyar wata da aka sa wa sunansa.

Daga farantin tagulla zuwa gilashin talabijin

Masu ƙera gogen Turawa suna cikin waɗanda suka ci moriyar aikinsa. Bafaranshe Félix Savart ya barbaɗa yashi a kan allunan tsofaffin goge na Italiya domin ya gano sirrin daɗin amonsu, kuma har gobe akwai masu ƙera goge da jita da ke yin wannan gwaji kafin su haɗa akwatin.

Lasifikar da aka saba da ita, wadda Chester Rice da Edward Kellogg suka fito da tsarinta a Amurka a 1925, tana da maganaɗisu, da naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, da mazurarin takarda. Lantarki ya ratsa wayar, ita kuma ta riƙa tura mazurarin gaba da baya yana ture iska. A wannan tsari ana son takardar ta motsa gaba ɗaya, domin lanƙwasarta ɓata sauti take yi.

Eksaita ta juya lamarin. An cire mazurarin, an bar maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya, ana manna su kai tsaye a jikin allo. Girgizar ta bazu a allon, ta bugi gefuna ta dawo, allon ya riƙa lanƙwasa ta siffofi masu yawa a lokaci guda, irin siffofin da Chladni ya zana ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1990 kamfanin NXT na Birtaniya ya mayar da wannan tunani sana'a, bayan wani bincike da aka yi kan ƙarar da allunan jikin jiragen soja ke yi.

Ƙa'idojin da masu haɗa irin wannan lasifika ke bi duk suna komawa ga farantin Chladni. Ba a manna na'urar a tsakiyar allo daidai, domin layukan da ba sa motsi da yawa ta nan suke ratsawa, kuma duk amon da layinsa ya bi ta ƙarƙashin na'urar ba zai fito da kyau ba. Akan gusa da ita gefe kaɗan. An fi son allo mai tsawo fiye da faɗi a kan wanda ɓangarorinsa suke daidai, don kada amo da yawa su taru wuri ɗaya su bar giɓi a wani wurin. An fi son abu marar nauyi amma mai tauri, kamar siririn falankin filawud ko allon kumfa mai ƙarfi.

Tsarin yana da amfaninsa da gazawarsa. Sautin yana bazuwa ko'ina a ɗaki, ga shi babu ramin da ƙura ko ruwa za su shiga, ana kuma iya ɓoye na'urar a bayan silin ko allon talla. Amma amo mai kauri irin na babbar ganga ba ya fita sosai daga ƙaramin allo, shi ya sa akan haɗa masa da wata sifika ta daban.

Injiniyoyin yau da kwamfuta da hasken leza suke duba yadda allo ke girgiza. Duk da haka, a azuzuwan kimiyya na jami'o'i da dama har yanzu akan kawo farantin ƙarfe da ɗan yashi, a goga masa baka ko a ɗaura shi a kan na'ura mai jijjiga, ɗalibai su kewaye tebur su ga layukan sun fito kamar yadda suka fito wa Chladni a Wittenberg.